Saurayina Yana Bayan Talabijin

Masu karatu, ku gyara zama, yau ba ni da niyyar sakaya zance. Masu turo min saƙo cewa in yi haƙuri, wai miji irin Injiniya sai an tona, na gode, na kuma ga alamar bakinku ɗaya da Ummata. Amma ku bari in ba ku labarin yadda ake zuwa zance a gidanmu, sannan ku yanke min hukunci.

Kowace budurwa fuskar saurayinta take kallo. Ni tafin ƙafar nawa na fi sani. Injiniya yana shigowa zai durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Umma, ya waigo ya ce, "Gimbiya, ya aiki?" Kafin in haɗa amsa ya riga ya cusa kansa bayan teburin talabijin, daga nan kuma sai ƙafafu. Safarsa ta hagu tana da huji a diddige. A gabana hujin ya fara, a gabana ya girma. Ni kuwa ina kan kujera da doguwar rigata mai ruwan zuma, na ɓata lokaci gaban madubi, na fesa turaren da nake ɓoye wa kowa, duk don wayoyin lantarki su shaƙa.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: ni ce auta a gidanmu. Ina aiki a wata ƙaramar tashar talabijin, ni ke rubuta abin da masu gabatarwa suke karantawa. Su a gan su, ni a ga ƙeyata a ofis. Injiniya ɗan tsohon abokin aikin Baba ne, yana kula da kwamfutocin wani kamfani. Ba ya shan sigari, ba ya yawo, ba ya ɗaga murya. In gaskiya za a faɗa, ba shi da aibun da za ka kama da hannu, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ranar da ya fara zuwa, Umma ce ta jawo mana. Tana zuba masa shayi take ƙorafin cewa kullum wasan kwaikwayonta yana wuce ta, don lokacin tana kicin. Wallahi na ga idon bawan Allahn nan ya kawo haske, irin hasken da ban taɓa samu ba duk kwalliyata.

"Umma, ai wannan mai sauƙi ne. Zan haɗa muku na'urar da za ta riƙa ɗaukar shiri tana ajiye muku, ku kalla lokacin da kuka ga dama."

"Ana sayarwa ne?"

"Ana sayarwa, amma waɗancan na ragwaye ne. Ni da manhajar Linux zan haɗa."

Umma ba ta san mene ne Linux ba, amma ta gyaɗa kai kamar an ambaci sunan wani babban likita.

Zuwansa na biyu, maimakon ɗan abin da samari kan riƙo a leda, sai ga shi rungume da tsohuwar kwamfuta mai ƙatuwar kai, da igiyoyi a wuya, da wani ɗan kati da ya ce shi ke kama tasha daga eriya. Ya haɗa ta da talabijin. Allon ya yi baƙi ƙirin, fararen rubutu suna ta gudu sama, can kuma wani tsuntsu mai tumbi ya leƙo. Goggo, yayar Baba, wadda ba a gidan take ba amma ta fi mu sanin inda cokulanmu suke, ta ja baya tana salati.

"Kyauta ne, Goggo," in ji shi. "Ba kamfanin da ya mallake shi. 'Yanci ke nan."

"To Allah ya ba mu 'yancin," ta ce, ta ja mayafinta ta rufe ƙafa.

Da aka zo inda na'urar take tambayar harshe, ko ɗaga kai bai yi ba ya zaɓi Turanci. Na ce masa Umma fa ba ta karanta Turanci. Ya ce ai ba komai, don jagorar da yake rubutawa ta masu jin Turanci ce.

"Wace jagora?"

Ashe akwai wani zaure a intanet inda ire-irensa suke taruwa daga ƙasashe daban-daban, kowa da tsohuwar kwamfutarsa da matar da ta gaji da shi. A can yake rubuta musu yadda ake haɗa abin daki-daki, falonmu kuma shi ne gonar gwaji. Ba ɓoyewa yake ba, da alfahari yake karanta min yana fassarawa. "Ji nan, Gimbiya. Na rubuta cewa na gwada a kan wata dattijuwa da ba ta jin Turanci ko kaɗan, kuma ta iya. Wani daga ƙasar sanyi har ya sa min alamar tafi."

"Ni fa, me ka rubuta a kaina?"

Ya ɗan yi tunani. "Ke ai ba ki ba da matsala ba."

Ku ji fa.

Amma kada in ci haƙƙinsa, na'urar ta yi aiki, bayan makonnin da ta yi tana ɗaukar hoto ba murya, sannan murya ba hoto, sannan rimot ya ƙi jin magana sai an tsaya a kusurwar labule. Da ta daidaita, gidanmu ya rikice. Baba ya gano zai iya tsayar da mai karanta labarai da bakinsa a buɗe, ya je ya yi alwala ya dawo ya same shi yana jira. Umma ta ga abin yana tsallake talla da kansa. Yaya, babban wanmu, wanda aikin asibiti yake hana shi kallon ƙwallo, ya fara dawowa yana tarar da wasa a ajiye. Tun daga nan Injiniya ya tashi daga baƙo ya zama ɗan gida. Ana ware masa kofinsa. Goggo tana ce masa "ɗan albarka". Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Ni kuma aka sa ni a gaba.

"Auta, me kike jira?" Umma ke nan, tana ninke kaya a ɗakina ba tare da na roƙe ta ba. "Yaro mai hankali, mai sana'a a hannu."

"Umma, bai taɓa tambayata ko wane launi nake so ba."

"Launi za ki ci? Babanki har yau bai san ranar haihuwata ba, ga mu nan."

Goggo ta fi iya sara. "Shekara nawa kina cewa kina gidan talabijin? Ko kunnenki ba mu taɓa gani a ciki ba. Gara wanda ya gyara talabijin ɗin, shi mun ga aikinsa."

Wannan maganar ta zauna min a ƙirji, ba zan ɓoye muku ba. Na yi dariya a gabanta, na shiga banɗaki na wanke fuska.

Sai Baba ya kira ni wata safiya, ya rage muryar labarai, abin da ba ya yi wa kowa. Ya ce mahaifin Injiniya ya yi masa magana, suna so su turo manya. Ya ce ba zai yi min dole ba, amma zuwa ƙarshen mako yana son jin bakina. Irin rashin dolen nan da ake yi maka ana tsaye a bakin ƙofa.

A makon ne Allah ya kawo nasa ikon. Mai gabatar da shirinmu na ranar Asabar, wanda ake tattauna lafiyar iyali kai tsaye, muryarta ta dishe ɗif. Furodusa ya leƙo ofis ya ƙare mana kallo, ya nuna ni da biro.

"Ke ce kike rubutawa, ai kin san shi a ka. Sau ɗaya ne, kada ki sa rai. Mako mai zuwa za ta dawo."

Na ce to.

Matsalar ita ce ba wanda zai kasance a gida. Likitan ido ya ba Baba wannan yammacin, Umma za ta raka shi. Yaya yana bakin aiki. Goggo nata talabijin ya mutu tun bara, ta ƙi gyarawa don ta samu dalilin zuwa namu. Tasharmu kuma ba ta ajiye shirin rana na kai tsaye, in ya wuce ya wuce, don ma'ajiyarsu a cike take da jawaban manya. Wato duk duniya abu ɗaya ne zai iya riƙe min wannan rabin awar: akwatin Injiniya.

A nan na yi wa kaina alkawari, ku ne shaiduna. Na ce in bawan Allahn nan ya ɗauko min shirin nan, na zauna tsakanin Umma da Goggo suka ga fuskata, to zan ce wa Baba na amince. Wata ƙila haka soyayyarsa take, da igiya da sukurudireba. Ba kowa ne ya iya magana ba.

Na tura masa saƙo.

"Asabar da yamma ni zan gabatar da shiri. NI. Don Allah ka sa na'urar ta ɗauka."

Ya amsa nan take: "Kai, madalla! Wace tasha?"

Tashar da nake aiki yake tambaya, jama'a. Na haɗiye, na rubuta masa.

"An gama. Na sa shi a jadawali daga nan ofis ma, ba sai na zo ba. Kin ga amfanin Linux?"

"Ka tabbata?"

"Gimbiya, na'ura ba ta mantuwa."

Ranar Asabar na sa rigata shuɗiya mai dogon hannu, wadda na saya tun bara na rasa inda zan kai ta, da ɗankwali ruwan toka da 'yan kunnen Umma. Mai kwalliyar tashar ta shafa min hoda har sai da na daina gane hancina. Fitilun situdiyo zafi, kujerar tana ƙara in ka motsa, mai kyamara yana taunar cingam. Da jar fitila ta kama, na dubi kyamara. Sai na tuna Goggo da kunnena, na ɗan juya kai yadda duka biyun za su fito, na yi sallama.

Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Likitar da muka gayyata ta yi dariya a inda na so ta yi. Wata mata ta bugo waya tana kuka kan ɗanta, na lallashe ta har ta yi shiru. Da aka kashe fitila furodusa ya ce, "Ashe kina da baki." A wurinsa wannan lambar yabo ce.

Ban goge kwalliyar ba. Haka na hau mota na dawo gida da ita, ina jin kaina kamar sabon kuɗi.

Na tarar falo ya cika. Umma ta shimfiɗa sabuwar ledar tebur, ta fito da kofunan baƙi. Baba da auduga a ido ɗaya, ya ce da ɗayan zai kalla. Goggo ta gayyato maƙwabciyarmu da 'ya'yanta mata biyu, ina jin don in abin bai yi kyau ba a samu masu kai labari. Yaya ya dawo ko takalmi bai cire ba. Injiniya kuwa yau a kan kujera yake zaune kamar mutum, ya sa sabuwar riga, rimot a hannunsa.

"Bismillah," in ji Baba.

Ya danna. Allo ya kawo koren fili. Wasu ƙarti cikin gajeren wando suna bin ƙwallo.

"Talla ce?" Umma ta tambaya.

"Kai!" Yaya ya miƙe zaune. "Wasan yau ne! Kada wanda ya faɗa min ci nawa."

Injiniya ya koma baya, ya duba, ya sake dubawa. Na ga sunan shirinmu a can ƙasa da jan rubutu, da wata kalmar Turanci a gefensa. Ina jin Turanci, na san me take nufi, amma na so in ji daga bakinsa.

"Ina shirina?"

"Af," ya ce. Sai kuma, wallahi tallahi, ya yi murmushi. "To ai kin ga, daidai ta yi. Ba kuskure ba ne, tsari ne."

Ya miƙe ya tsaya gaban talabijin kamar malami a aji. Ya ce katin kama tasha guda ɗaya ne, ba ya iya ɗaukar shiri biyu a lokaci guda. In biyu suka yi karo, na'urar tana duba wanda ya fi daraja. Shi ya sa tun farko ya ba shirye-shiryen kowa maki, don kada a yi rigima.

"Maki?" Baba ya juyo da lafiyayyen idonsa.

"E, Baba. Ƙwallon Yaya goma. Labaranku takwas."

"Takwas? A gidana? Da kuɗina na sayi talabijin ɗin!"

"Baba, ai labarai ana maimaitawa."

"Ni nawa?" Goggo ta cafe.

"Shirin girke-girkenku shida, Goggo."

Ta gyara zama, ta dubi maƙwabciya. Mutumin da ba ya kwana a gidan ya samu shida.

"Ni fa, ɗan nan?" Muryar Umma a hankali.

"Uku, Umma."

Umma ta dubi kofin da ta ware masa.

Ku lura da lissafin, masu karatu, don ni a tsaye na gane shi. Yaya ne Baba yake jin maganarsa. Baba ne mai bayar da aure. Goggo ce mai zuga. Umma ta riga ta sallama tun shayin farko. Mutumin da muke cewa bai san komai ba sai waya, ashe ya auna gidanmu tsaf, ya san inda ake zuba ruwa ya tsiro.

"Saura ni," na ce.

"Ke sifili ne. Amma kada ki ɗauka wani abu," ya yi saurin ɗaga hannu. "Ba rage miki na yi ba. Haka kowane shiri yake zuwa in ba a taɓa shi ba. Ni ban taɓa naki ba sam."

"Ka ga jan rubutun tun ranar da ka sa?"

"Na gani. Ai shi ne kyawun abin, Gimbiya. Ba ta jefar da ke ba. Jira take a maimaita shirin, da an maimaita za ta ɗauke ki da kanta."

"Ba a maimaita ni," na ce.

Ban san muryata ta fita da ƙarfi haka ba. Na ɗauka yanzu wani zai ce wani abu. Sai Baba ya ce shi dai a bayyana masa yadda ɗan da ya haifa ya fi shi da biyu. Yaya ya ce ba shi ya roƙa ba. Goggo ta ce a bar yaro ya yi aikinsa, shi ya san abin da ya gani. 'Ya'yan maƙwabciya suna danna waya a ƙarƙashin mayafi, na san kafin a kira salla unguwa ta ji.

Na shige ɗaki na rufe ƙofa. Na zauna gaban madubi da hodar mutane a fuskata, na yi kuka, irin mai zafin nan da ba ya fitar da sauti. Ba don shi ba. Don na riga na shirya yadda zan kalli Umma lokacin da take kallona.

Ina ji ya yi sallama ya tafi. Ba a jima ba waya ta yi ƙara.

"Gimbiya, yi haƙuri. Na gyara. Na mai da ke tara."

Na goge ido na rubuta: "Goma fa?"

Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

"Akwai wasan ƙarshe mako mai zuwa. Ki fahimce ni."

Na fahimce shi kuwa. Ban taɓa fahimtar mutum irin yau ba.

Baba ya aiko a kira ni. Baƙi sun watse, saura 'yan gida da Goggo. Har yanzu yana huci kan takwas ɗinsa, amma magana magana ce.

"To, Auta. Ƙarshen mako ya zo. Me zan ce wa mutanen nan?"

Na durƙusa yadda aka koya min. "Baba, ku ce musu su zo."

Goggo ta buɗe baki za ta yi murna.

"Su zo da mota mai buɗaɗɗen baya. Akwai kayan ɗansu a bayan talabijin."

"La'ilaha illallahu!" Goggo ta dafe ƙirji. "Kan shirin rabin awa za ki kori miji? Wa zai ɗauke ki yanzu, da wannan bakin?"

"Ni dai a bari a gama wasan ƙarshe," in ji Yaya ƙasa-ƙasa.

Baba ya shiga shafa audugar idonsa. Umma nake jira, don na san daga can ruwan zai ɓalle. Ta tashi, ta karɓe rimot daga hannun Yaya, ta kashe talabijin ana tsakiyar bugun kusurwa. Ta jawo kujerar cin abinci ta ajiye a gaban baƙin allon.

"Zauna nan."

"Umma?"

"Zauna na ce. Gyara ɗankwalin, ya karkace." Ta koma mazauninta, ta naɗe hannu a cinya. "Me kika fara ce musu? Faro min daga farko, ina kallo."

Na zauna, na ɗaga kai, na yi sallama kamar yadda na yi wa kyamara. Umma ta amsa. Baba ma ya amsa. Goggo ta yi tsaki, amma na ga ta juyo da kujerarta.

Ina cikin gabatar da likitar da ba ta nan aka ƙwanƙwasa ƙofa. Muryar Injiniya ce, da gyaran muryar wani dattijo a bayansa, da alama mai ba da haƙuri ya ɗauko. Yaya ya yunƙura zai tashi.

Umma ko waiwaye ba ta yi ba.

"Koma ka zauna," ta ce. "Ci gaba, Auta. Ko waye, ya jira a maimaita."